Me ya haɗa 'yar Zariya da kunkurun teku?

Baban_Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da maganar da nake so a tattauna, kuma a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. 'Yar yayana ta gama digirin farko a nazarin dabbobi, ta yi bautar ƙasa, yanzu ta samu gurbin digiri na biyu har da tallafi. Wai kunkurun teku za ta bincika, yadda suke fitowa gaɓa su yi ƙwai a yankin Mashigin Tekun Gini. Ni a ganina ɓata basira ce. Yarinyar da aka haifa a Tudun Wada, ruwan da ta sani bai wuce Kubanni da dam ɗin Shika ba. Ga sauro yana kashe mana yara, ga tsutsa tana cinye masara, ga masu kiwon tarwaɗa suna kuka da tsadar abinci. Duk ba ta ga abin bincike ba sai dabbar da ko kakanta bai taɓa gani ba? Mahaifinta ya ce in ba da shawara, na ce bari in ji ta bakin masana tukuna.

Mai_Shayi_PZ:
Wa alaikumus salam. Alhaji, in dai da tallafi a ciki, ko ƙadangaru aka ce ta ƙirga a bar ta ta tafi. Wa ke biya wa mutum kuɗin karatu a wannan marra?

Dr_Kubanni:
Alhaji, sannu da ƙoƙari, amma ban yarda da kai ba. Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kusan kilomita 853, daga Badagry har Kuros Riba, kuma ta ƙasa ce baki ɗaya, ba ta mutanen Legas da Bayelsa kaɗai ba. Kunkurun teku iri bakwai ne a duniya, biyar daga ciki ana samun su a ruwanmu: mai bayan fata, kore, mai bakin shaho, mai ƙaton kai, da mai launin zaitun.

Yankin da za ta je kuwa ba ƙaramin wuri ba ne a wannan ilimi. Binciken da masana daga Jami'ar Exeter ta Ingila suka jagoranta, wanda aka wallafa a 2009, ya nuna Gabon ce ke da taron mai bayan fata mafi girma a duniya, mata masu yin ƙwai tsakanin 15,000 da 41,000. Tsibirin Poilão a Gini Bisau ya fi ko'ina a Afirka yawan koren kunkuru mai zuwa ƙwai. Ƙasar Kef Bad (Cape Verde) na da tarin mai ƙaton kai, musamman tsibirin Boa Vista. Mu muna tsakiyar waɗannan wurare, amma abin da aka rubuta a kan gaɓarmu kaɗan ne idan aka gwada da nasu. Ɗalibi ai inda ba a tona ba yake neman tonawa.

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Dakta ta yi gaskiya. Ni ɗan Kwarbai ne, amma rabin aikina a ruwa na yi shi. Wani dare muna sintiri a gaɓa can wajen Bayelsa muka ga wani abu baƙi yana jan ciki daga ruwa. Wallahi da farko na ɗauka kwalekwale ne ya kife. Ashe mai bayan fatan nan ce. Ta hau yashi da ƙyar tana nishi, ta share wuri, ta haƙa rami da ƙafafun baya, ta zuba ƙwai farare masu yawa, ta binne, ta watsa yashi ko'ina don ɓad da sawu, sannan ta koma. Duk tsawon lokacin hawaye na zuba daga idonta. Wani yaronmu ɗan yankin ya ce kafin gari ya waye mutanen ƙauye za su bi sawun su kwashe ƙwan. Haka kuwa aka yi.

Ummu_Sadiq:
Allah sarki. Wato ta san za a kwashe mata 'ya'ya shi ya sa take kuka.

Dr_Kubanni:
Hajiya, ba kuka ba ne. Ruwan gishiri take sha, abincinta ma gishiri ne, ƙodarta ba za ta iya fitar da shi duka ba. Akwai wasu ƙulluwa a bayan idanunta da ke tace gishirin su zubar. A cikin ruwa ma tana yi, a tudu ne kawai ake gani.

Baba Soja, girman da ka gani ba ƙari ka yi ba. Mafi girma da aka taɓa aunawa an tsince shi a gaɓar Wales a 1988, kilo 916. Suna nutsewa fiye da mita 1,000.

Gyallesu_01:
Kilo 916? Ya fi bijimin Sallah ke nan. Tabɗi.

Injiniya_Hanwa:
Ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne maganar zafin yashi. Ƙwan ba ya zuwa da jinsinsa a yanke. Wajen wata biyu yake yi a binne, kuma zafin da ya samu a tsakiyar wannan lokaci shi ke sa ya fito mace ko namiji. A kusan digiri 29 na Salshiyas ana samun rabi da rabi. Ya haura, mata su rinjaya. Ya sauka, maza. A 2018 aka fitar da wani bincike a kan koren kunkuru na arewacin babban murjanin Ostireliya, aka ga fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙananansu mata ne. Idan zafi ya ci gaba da ƙaruwa a gaɓar Afirka ta Yamma, wa zai auna mana? Sai wanda ya je ya binne ma'aunin zafi a cikin ramin ya jira. Aikin 'yar taka ke nan, Alhaji.

AbuMaryam:
Injiniya a yi hattara da lafazi. Mace ko namiji Allah ne ke ƙaddarawa, ba yashi ba.

Malam_Ƙofar_Doka:
AbuMaryam, babu saɓani a nan. Allah ke ƙaddarawa, kuma Shi ya sanya sabubba. Ruwan sama ne sababin tsiro, ba wanda ya ce manomi ya yi shirka don ya faɗi haka. Kadan da ke kogunanmu ma zafin wurin ƙwan ke raba masa jinsi. Sanin irin wannan ƙara wa mutum tsoron Allah yake yi.

AbuMaryam:
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da bayanin. Lafazin ne dai nake so a riƙa gyarawa.

'YarSamaru:
Kawu Baban_Hanifa, ka ce ba abin da ya haɗa mu da teku. Ka leƙa Kubanni bayan ruwan farko ka ga ledar fiya wata da robobi. Kubanni a Galma take zuba, Galma ta shiga Kogin Kaduna, Kaduna ya haɗu da Neja, Neja kuma sai teku. Mai bayan fata abincinsa jelifish ne, wata halitta mai santsi da ke shawagi a ruwa, kuma leda idan tana yawo ba ya bambance ta da shi. Maƙogwaronsa cike yake da wasu tsinaye masu kallon ciki, abin da ya haɗiya ba ya dawowa. Ledar da muka jefar a Samaru tana iya ƙarewa a cikinsa.

Injiniya_Hanwa:
Ƙanwata, labarin ya yi daɗi amma akwai Shiroro a hanya, ga kuma Zungeru a ƙasansa, duk a kan Kogin Kaduna. Ledarki ta Samaru sai ta tsallake manyan madatsu biyu kafin ta ga Neja. Yawancinta a lambunan mutane da magudanan ruwa take maƙalewa, ko cikin tumbin akuya. Robar da ke shiga teku daga ƙasar nan ta garuruwan bakin ruwa ta fi yawa. Kada mu ƙara gishiri don mu ci muhawara.

'YarSamaru:
Yaya, madatsa ba rariya ba ce. Idan aka buɗe ƙofofi da damina komai wucewa yake, ga kuma wadda ta riga ta rududduge ta zama ɓurɓushi. Ban ce duka ba, na ce tana iya.

Mai_Shayi_PZ:
Ku dai ku yi ta yi. Ni tambayata ɗaya, ana cin sa? Malam a warware mana.

Malam_Ƙofar_Doka:
Mai Shayi ba ka rabo da ciki. A mazhabarmu ta Malikiyya dabbar ruwa halal ce ko da tana daɗewa a tudu, kuma kunkurun teku na ciki. Hujja ita ce aya ta 96 a Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa, da hadisin da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Hanafiyya kifi kaɗai suka halatta. To amma halaccin abu daban, ƙarar da shi daga doron ƙasa daban. Idan hukuma ta hana kamawa saboda maslaha, bin ta ya zama dole. Aya ta 41 a Suratur Rum ta ambaci ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata.

Nas_Shika:
Ƙari a kan na Malam, naman yana iya kisa. Akwai gubar da wani lokaci ake samu a jikinsa, dafuwa ba ta kashe ta, kuma ba ta da takamaiman magani. A watan Maris na 2024 a tsibirin Pemba na Zanzibar yara 8 da babba 1 suka rasu bayan cin sa, aka kwantar da mutum 78. Yara ta fi yi wa illa, har jariri kan samu ta nonon uwa.

Mai_Shayi_PZ:
Innalillahi. A bar ni da tsiren Sabon Gari.

Baban_Hanifa:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu ba a taɓa inda ke min ƙaiƙayi ba. Ban ce dabbar ba ta da ban mamaki ba. Cewa na yi idan ta gama, ina za ta yi aiki? Wa zai ɗauki masaniyar kunkurun teku a Kaduna ko Kano? Sannan aikin nan na ji da dare ake yin sa, ana yawo a bakin ruwa. 'Ya mace ce fa.

Hajiya_Kongo:
Alhaji, wannan ta biyun ita ce ainihin damuwarku, ku fito da ita fili kawai. Kuma damuwa ce mai kyau. A tambayi inda za ta zauna, su wa za ta yi aiki da su, mata nawa ne a tawagar. Sintirin gaɓa ba mutum ɗaya ke yi ba, ƙungiya ake fita. Nas ma kwana take a asibiti ba wanda ya ce ta bar aikin. Amma kada a fake da sauro da masara alhali tafiyar ce ba a so.

Dr_Kubanni:
A kan aikin yi: akwai cibiyar binciken teku ta ƙasa, NIOMR, a Victoria Island. A 2023 an kafa ma'aikatar tarayya ta harkokin teku da tattalin arzikinsa. Kamfanonin mai da masu gina tashar jiragen ruwa dole su yi nazarin tasirin aikinsu ga muhalli, kuma masana irinta suke nema.

Har cinikin ƙasa da ƙasa dabbar nan ta shiga. Kunkuru da huhu yake numfashi, idan komar jirgin kamun jatan-lande ta ja shi ƙarƙashin ruwa ya daɗe, nutsewa yake ya mutu. Sai aka ƙirƙiro wata na'ura da ake ce wa TED, sandunan ƙarfe a jere cikin komar. Jatan-lande ya wuce ta tsakaninsu, kunkuru ya bugi ƙarfen ya fice ta wata ƙofa. A 1989 Amurka ta yi dokar hana shigo da jatan-landen ƙasar da ba ta kare kunkuru haka. Indiya, Malesiya, Pakistan da Tailan suka kai ƙara Hukumar Ciniki ta Duniya, aka yi hukunci a 1998. Jiragen Najeriya ma an wajabta musu sa na'urar. To wa ke duba ko suna sawa, ko kuwa ɗinke ƙofar suke yi da zarar sun bar tasha?

Sannan abin da za ta koya, wato ƙididdiga, taswirar kwamfuta, bin dabba da tauraron ɗan'adam, gwajin ƙwayar halitta, duk yana aiki a kan sauro da tsutsar da kake magana.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Dakta, da girmamawa, kin faɗi rabi kin bar rabi. Dokar Amurkan nan masuntanta ma ta kare daga gasa, shi ya sa aka kai ƙara. Kuma wa ke ba da tallafin? Turawa. Su suka cinye kunkurun Karebiyan a miya, su da Japan suka mai da ƙoƙon mai bakin shaho matajin kai da firam ɗin tabarau, sai da abu ya kusa ƙarewa suka dawo suna ce wa masuncin da ba shi da na cefane kada ya taɓa ƙwai. Manyan jiragen waje suna kwashe kifin Afirka ta Yamma ba dare ba rana, amma talakan da ya tona rami ɗaya shi ne mai laifi. Ina tsoron a mai da 'yarmu 'yar sandan Turawa a kan 'yan uwanta baƙaƙe.

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Yaro, maganar manyan jirage gaskiya ce, na gani da idona. Suna shiga ruwan da doka ta ware wa ƙananan masunta. Kuma masunci idan kunkuru ya faɗa tarunsa yaga shi yake. Taru kuɗi ne. Ka ce ya sake shi, wa zai biya shi ɗinki? Shi ya sa yake yankawa ya sayar ya rage asara.

Injiniya_Hanwa:
Ɗan_Gwagwarmaya, ba ko'ina ake yi da sanda ba. A Ostional ta Kosta Rika mai launin zaitun na fitowa dubbai a 'yan kwanaki, har na baya su tone ƙwan na gaba su farfasa. Tun 1987 doka ta yarda mutanen garin su kwashi na sa'o'i 36 na farko su sayar, tunda yawancinsa lalacewa zai yi, su kuma su tsare sauran su share gaɓar. Poilão da Dakta ta ambata kuwa, kafin a yi gandun gwamnati mutanen Bijago sun ɗauke shi wuri mai alfarma a al'adarsu, ba kowa ke taka shi ba. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen tsare shi. Ba Bature ya koya musu ba.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Misali biyu ka kawo. Ostional ɗin ma akwai masanan da ba su yarda da tsarin ba, suna cewa ƙwan sata na fakewa da na halal a kasuwa.

Injiniya_Hanwa:
Haka ne, ana wannan jayayyar. To ka ga dalilin da ya sa ake son namu su shiga ciki, a daina yanke hukunci ba mu a wurin.

Gyallesu_01:
Tambaya don Allah. An ce uwar tana komawa inda aka ƙyanƙyashe ta ta yi ƙwai. Bayan shekaru ta yaya take gane wurin?

Dr_Kubanni:
Yankin take komawa, ba lallai daidai ramin ba. Kenneth Lohmann na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsa sun nuna suna jin maganaɗisun ƙasa, kuma kowane sashe na gaɓa da irin nasa. Koren kunkurun tsibirin Ascension yana kiwo a gaɓar Barazil, ya yi iyo fiye da kilomita 2,000 ya dawo wannan ɗan tsibiri a tsakiyar Atilantika. 'Ya'yan kuma idan sun fito da dare haske suke bi, domin sararin teku ya fi tudu haske. Ka kunna fitilun otal a bayan gaɓa, sai su juya wa ruwa baya su nufi titi. Da ma ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ɗaya cikin dubu ke kai wa girma, kuma koren kan ɗauki shekara 20 zuwa 30 ko fiye kafin ya fara ƙwai.

Wannan jinkirin ne ke sa mutane su ga kamar aikin banza ne. A 1947 an ɗauki hoton bidiyo a Rancho Nuevo ta Meziko, aka ƙiyasta wani irin kunkurun teku da ake kira Kemp kusan 40,000 a gaɓa rana ɗaya. A 1985 ramukan ƙwai 702 kacal aka ƙirga a duk shekarar. Aka tsare gaɓar, aka sa TED, daga baya wasu shekarun suka haura 20,000. Koren kunkuru ma a Oktoban 2025 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta cire shi daga jerin masu fuskantar ƙarewa a duniya, duk da akwai yankunan da har yanzu yake raguwa.

Baba_Tukur_Tukur:
'Ya'yana na karanta duka. Ni kunkurun da na sani shi ne na gida, babban nan da ake ajewa a tsakar gida yana cin ganye. Muna yara gidaje da yawa a cikin birni akwai shi. Kififiya kuma masunta na kamo ta a Galma. Yanzu yaushe rabon da ku gani? Idan yarinyar nan za ta koyo ilimin ta dawo ta duba mana namu, ni na sa albarka.

Dr_Kubanni:
Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan na gidan shi ne na uku a girma cikin kunkurun tudu na duniya, bayan na Galapagos da na Aldabra, kuma IUCN ta sa shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Kiwo ya cinye masa wuri, ana kuma kama shi a fitar waje a sayar wa masu ajewa don sha'awa. Shi ma zafin ƙasa ke raba masa jinsi.

'YarSamaru:
Baba da girmamawa, amma me ya sa sai an gindaya mata sharaɗin dawowa? Wanda ya karanta injiniyan man fetur ba a ce sai ya dawo ya haƙa rijiya a Basawa ba. In tekun take so a bar ta da tekun.

Baban_Hanifa:
Ɗiyata, ke ma kin san ba ɗaya ba ne, mai yana kawo kuɗi. Hajiya_Kongo, na ji maganarki, zan sa mahaifinta ya tambayi masaukin da tawagar. Amma a raina har yanzu ina ganin da tsutsar masara ta kama da mutanenmu sun fi amfana da wuri. Ba wanda ya musa wannan a cikinku.

Nas_Shika:
Alhaji, masu binciken masara cike suke a Samaru, cibiyar binciken noma ta IAR tana nan shekara da shekaru. Ba hannunta ya rage musu ba.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Ni dai tambayar Baba Soja ce ba a amsa ba. Taru ya yage, wa zai biya? Dakta, a cikin tallafin nan akwai kason masunci, ko duk a na'urar tauraron ɗan'adam da tikitin zuwa taro zai ƙare?

Dr_Kubanni:
Tallafin ɗalibi ba ya biyan taru. Akwai wuraren da ake ba masunci kuɗi ko zaren gyara idan ya kawo kunkuru da rai aka sake shi, kamar Watamu a Kenya. Matsalar ita ce ranar da kuɗin ya yanke, da kuma wanda zai fara kamowa da gangan don a biya shi.

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Wannan na biyun kam za a samu. A ba su zaren kawai, kada a ba da kuɗi a hannu. Kuma sarkin masuntan wurin ya riƙa rabawa, shi ya san wanda tarunsa ya yage da gaske.

Ɗan_Gwagwarmaya:
Baba, sarkin masuntan shi kuma wa zai sa masa ido?